Kunun kanwar da na sha a ɓoye

Shekarun baya, tun ina da ƙafar da zan taka daga Nukkai har kasuwa in dawo ban nemi wurin zama ba, Allah Ya karɓi ran 'yata. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ranar Talata ta shigo gidana da ƙafarta tana cewa kanta ke sarawa, ranar Asabar aka fita da ita. Ta bar yaro namiji ɗan wata biyar, bai san komai a duniya ba sai nonon uwarsa.

Tun a zaman makoki yaron yake bayana. Ba wanda ya ba ni shi, ba wanda na roƙa. Na ɗauka na goya, shi ke nan.

Bayan addu'ar bakwai surukina, uban yaron, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina. Direban babbar mota ne, ba ya kwana uku a gari. Ya ce, "Dada, ƙanwata ta Lau tana shayarwa, 'yarta wata huɗu. Ta ce a kai mata shi ta haɗa su."

Na ce, "A'a. Ka haɗa su nono ɗaya, ka haramta masa 'yar goggonsa? Wa ya san abin da Allah zai yi gaba?"

Ku ji fa hujjar tsohuwa. Yaro ko zama bai iya ba, ni ina can ina tanadar masa mata. Surukina mutum ne mai kunya, ba ya ɗaga ido ya dube ni, balle ya yi musu da ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Dada." Ya tafi ya sayo madarar gwangwani da fida, kwalbar shayar da jariri, ya ajiye mini.

Wata guda muka yi lafiya lau. Yana sha, ba da yawa ba, amma yana sha. Sai haƙori ya taso.

Yawu ya fara dalala, rigarsa ba ta bushewa. Duk abin da hannunsa ya kai, baki. Dasashinsa na ƙasa ya kumbura ya yi ja. Ya ƙi fida, da na sa masa a baki sai ya ture ya sandare. Na koma cokali, in ba shi uku ya furzar da biyu. Da rana da sauƙi. Amma da an yi sallar isha'i, an rufe ƙofofi, sai ya buɗe baki.

Lokacin zafi ne, kafin ruwan farko, irin zafin Jalingo da bango ke tururi har tsakar dare. In goya shi in fito tsakar gida. Daga gindin mangwaro zuwa randa, daga randa zuwa gindin mangwaro. In jijjiga, in bubbuga, in yi masa magana: "Haba maigidana, haba angona. Haka ake yi wa amarya? Ka hana ni barci, ka hana unguwa barci, ko cefane ba ka bayarwa." In sauke shi, in wanke yatsa, in tsoma a ruwan randa mai sanyi, in murza masa dasashi. Ya yi shiru ya kama yatsan yana tauna, yana kallona da ido jiƙe. Ruwan ya ɗumame, kuka ya dawo. Na jiƙa tsumma mai tsabta na ba shi ya ciza. Na fere masa rake. Na karɓo rubutu. Na tofa duk addu'ar da na sani, da wadda ma na sani rabi.

A dare na huɗu ko na biyar, ƙafata ta gaza. Na zauna a kan turmi na rungume shi. Sai na ji yana goga fuska a ƙirjina, yana lalube, bakinsa a buɗe. Na san abin da yake nema. Na duba hagu na duba dama, ba kowa sai kaji. Na ba shi.

Ya kama. Wallahi ya kama kamar wanda ya dawo gida. Kuka ya tsaya cak. Ya ja, ya ja, ba komai. Ya ciza da dasashin nan mai zafi, ya sake ja. Gajiya ta kwashe shi, barci ya ɗauke shi a haka.

Ni kuwa na zauna ina kuka ba sauti. Uwarsa 'yar fari ce a wurina. A gidanmu 'yar fari ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa. Lokacin da nata haƙorin ya taso, uwar mijina ce ta yi ta yawo da ita a tsakar gida, ni ina ɗaki ina jin kukan, kunya ta hana ni fitowa. Ana yaye ta aka tafi da ita riƙo. Har ta koma ga Allah ban taɓa kiran sunanta ta ji ba. To ga ɗanta a ƙirjina, kuma babu wanda zan ji wa kunya. Na ce a raina, wannan kam ba mai raba ni da shi.

Tun ina yarinya na ji kakata tana cewa tsohuwa ma ruwan nono yana iya dawo mata, in jariri ya dage da tsotsa, ita kuma ta dage da kunun kanwa kamar mai jego. Na riƙe wannan magana. Kullum kafin asuba in hura wuta in dama kunun kanwa, in shanye kwano guda da zafinsa ina gumi. Mace mai furfura, haƙoran gabanta biyu sun zube, tana jego a ɓoye. In shiga ɗaki in matsa in duba. Ba komai. In ce gobe.

Surukina in ya kira wayar maƙwabta ya ce, "Dada, yaya yaron?" sai in ce, "Haƙori ne kawai. Da ya fito shi ke nan." Duk wanda ya ce yaron ya rame, haƙori ne. Duk wanda ya ce kukan ya yi yawa, haƙori ne. Har ni kaina na yarda.

Akwai maƙwabciyata, Mumuye ce, tana sayar da doya a bakin titi. Katangar zana ce tsakaninmu, in na yi tari tana ji. Wata safiya ta leƙo tana shinshina iska.

"Mama, wane ne ya haihu a gidanki? Kwana goma ina jin ƙamshin kunun kanwa, ban ga an kira ni suna ba."

Na ce, "Ciwon baya nake sha wa."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Sai ta shigo ta ce, "Kawo mijinki in gaishe shi." Ta karɓe shi. Dariyar ta tsaya. Akwai wani zare da uwarsa ta ɗaura masa a wuyan hannu, wanda a da yake cif da shi har yana shiga cikin tsoka. Ta ɗaga hannun, zaren ya zame har gwiwar hannu. Ta shafa maɗigarsa. Ta dube ni.

"Mama, haƙori yana nan, gaskiya ne. Amma haƙori ba ya cinye yaro haka. Wannan yunwa ne."

Na ce, "Ke me kika sani? Na haifi tara."

Ta ce, "Ni na haifi shida, na binne biyu. Ba na so ki binne wannan."

Na karɓe jikana na shige ɗaki. Kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba.

A rana ta uku ina ba shi ruwa, sai na ji cokali ya yi ƙas a bakinsa. Na buɗe na duba. Ga shi nan, fari tas kamar ƙwayar shinkafa. Na yi hamdala, na ɗaga shi sama, na ce, "Angona ya zama mutum! Yau za mu yi barci."

Daren nan ya yi kuka. Amma ba irin na da ba. Da, kukansa har bakin titi ake ji. Wannan kuwa siriri ne, kamar na ɗan akuya, ya yi ya huta, ya yi ya huta. Na ba shi ƙirji ya kama, ya ja sau biyu ya saki. Bai ma yi fushi ba. Ya juya kai ya zuba wa bango ido.

Wannan sakin da ya yi shi ya tashe ni. Haƙorin da nake fakewa da shi ya fito, ba ni da sauran abin faɗa.

Ban jira surukina ba. Ana sallame asuba na ɗaure kayansa a ɗankwali, na buga wa maƙwabciyata zana. Ta fito ta ɗauki ƙullin ta raka ni tasha. Motar Lau ta yi ta jijjiga mu a hanya, shi yana bayana, ba nauyi, sai in kai hannu in taɓa in ji ko yana numfashi.

Goggonsa tana wanke-wanke muka shiga. Ta gan mu ta miƙe, ko hannu ba ta goge ba. Ta ce, "Dada, sannu da hanya. Kawo shi." Ta zauna a tabarma ta sa shi. Da farko ya ƙi, ya saba a yaudare shi. Ta matsa masa ɗigo a leɓe. Ya lasa. Sai ya damƙe.

Na ji ƙarar haɗiya. Ƙut, ƙut, ƙut. Sati biyu yana ƙirjina ban taɓa jin wannan ƙarar ba.

Ta ɗan zabura ta ce, "Kai! Ashe da makami ka zo?" Mutanen gidan suka yi dariya. Ni ma na yi. Washegari suka kai shi asibiti aka duba shi, aka ce an zo a kan gaɓa. Mutanen gidan suka ce in zauna ko sati ne, na ce na bar kaji. Ba kaji ba ne. Na kasa kallo ne.

Na dawo Nukkai da majanyi a hannu. Daren nan unguwa ta yi barci. Ni na fito tsakar gida, daga mangwaro zuwa randa, daga randa zuwa mangwaro, bayana ba kowa.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Ya girma a Lau, goggonsa yake kira Inna, kuma ta ci sunan. Da sallah yakan zo ya gaishe ni, ya durƙusa daga nesa, ya ce, "Tsohuwa, na sake ki, kin cika tsufa." In ce, "Tafi can, wa zai aure ka da wannan kan?" Ya zauna kaɗan ya tashi, yana sauri kada mota ta bar shi. Bai san komai ba, ban kuma bari an gaya masa ba.

Abin da na gane, da kuka da hawaye na gane shi: na ɗauka don shi nake riƙe shi, ashe don kaina ne. Kewar uwarsa nake rarrashi, shi kuma yana ramewa a hannuna. Shi ya sa yanzu in yarinya ta kawo mini jariri ta ce, "Kaka, haƙori ne ko?" nakan murza masa dasashi da ruwan sanyi, in goya shi ta samu ta runtsa. Amma kafin ta tafi sai na tambaye ta, yana sha? Kina jin haɗiyarsa? In ta yi shiru tana tunani, sai in ce ta ɗauki mayafinta, asibiti za mu.