Gardamar Ƙwayar Zarra a Shingen Jibiya

Gab da samun mulkin kai ina akawu a ofishin kwastan na Jibiya. Ofishin ɗaki ɗaya ne da rumfar zana, sai doguwar sanda da aka gitta a kan hanyar Maraɗi. Mai ɗaga sandar wani dattijo ne marar yawan magana, kowa Baba yake ce masa. Asalinsa mutumin tsallaken iyaka ne, amma tun da na zo ban taɓa ganin ya taka can ba.

Wata damina wani abokina ya sauka wurina. Ajinmu ɗaya da shi a Katsina. Ni na bar karatu da mahaifina ya rasu, shi ya wuce jami'a a Kudu yana karatun kimiyya. Maraɗi za shi gaida kakarsa, sai motar gyaɗar da ya hau ta lalace a bakin shingenmu, ya kwana biyu ana jiran gyara.

Da hantsi muna zaune a rumfa na tambaye shi abin da ake koya musu. Ya ce akwai ƙananan abubuwa da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, da su aka gina komai. Wai ɗayansu kan kasance nan da can lokaci guda, sai an auna shi yake tsayawa wuri ɗaya.

Na yi dariya, na nuna masa wani buhu da ke jiran bincike. Na ce, "Wato wannan, kafin in kwance shi, gero ne kuma atamfar sumoga ce?"

Ya ce, "A'a. Buhunka da abinsa a ciki, kai ne ba ka sani ba. Wancan kuwa shi kansa bai tsaya a kan hali ɗaya ba tukuna."

Na ce ban yarda ba. Abu yana inda yake, ma'auninsu ne bai kai ba. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, akwai manyan masana da suka tsaya a kan haka, amma mafi yawa sun ce awon ne ke yanke hukunci, kuma tambayar inda abin yake kafin awo ba ta da amsa. Muka yi ta ja har shayinmu ya huce. Na lura ina ɗaga murya fiye da kima, kuma na san dalili: zafi nake ji, ganin ya san abin da ni ma zan sani da ban bar karatu ba.

Can ya ce akwai wani sabon ra'ayi da malaminsu ya ambata yana murmushi. Wai ba a zaɓar ko ɗaya. Duk abin da zai iya faruwa yana faruwa, duniya ce ke rabuwa, kowane reshe da nasa sakamako.

Na ce, "Subhanallahi! Ƙaddara guda ce, abokina."

Baba yana jingine da turken sanda, ban ma san yana saurare ba. Sai ya matso, ya tsuguna a gabanmu.

Ya ce, "Ɗana, mi ka ce? Maimaita mini wagga ta ƙarshe."

Abokina ya maimaita a hankali. Sai Baba ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce zamanin aikin tilas an zo ƙauyensu ana ɗaukar namiji ɗaya a kowane gida. Shi aka rubuta. Matarsa na da tsohon ciki, sai ƙanensa ya ce shi zai tafi a madadinsa. Ya bar shi ya tafi. Ƙanen bai dawo ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Kunyar matar ƙanen da 'yarta ce ta sa ya kwashe iyalinsa ya tsallako, bai sake komawa ba.

Ya ce, "To, cikin duniyoyin nan naka, akwai wadda ni na tafi, shi yana gida?"

Na zuba wa abokina ido, ina tsoron ya yi masa daɗin baki, ina kuma tsoron ya yi masa dariya. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Ya ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Masu wannan magana ma ba su da hujjar da za su nuna. Kuma ko da gaskiya ce, sun ce babu hanya tsakanin wannan da waccan. Ba ka ganinsa, ba ya ganinka."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ashe dai wagga ɗaya gare ni." Ya miƙe, don wata mota ta iso tana ƙaho.

Daga nan gardamar ta mutu. Ni da abokina muka koma hirar mutanen ajinmu, wa ya yi aure, wa ya shiga soja. Da zai hau mota ya ba ni wani tsohon littafinsa na kimiyya, ya ce in rubuto masa duk inda na ga ƙarya. Na rubuta sau uku, ya amsa biyu.

Bayan an yanke gero Baba ya zo ya tsaya a ƙofar ofis, ya roƙi hutun kwana uku. Ya sayi turmin atamfa da goro a kasuwa. Ni na ɗaga masa sanda, ko da yake mai tafiya a ƙasa yana iya ratsawa ta gefe.

Kwana biyar ya yi. Ya dawo da damin rake a kafaɗa, ya ce matar ƙanensa ta rasu shekaru da dama, amma ya sami 'yar, ta yi aure, 'ya'yanta huɗu. Ta yi kuka, ta yi masa faɗa, sannan ta dama masa fura. Na tambaye shi ko zai koma.

Ya ce, "Ranar suna. Tana da ciki."

Ya yanko mini gaɓa biyu na raken, ya koma bakin aikinsa.