Shekarar da Na Shiga Rijiya

A garinmu, can gefen Dakoro, ba da yawan bakuna ake raba ruwa ba, da yawan maza ake raba shi. Haka na taso na tarar, tun Nasara ba su san hanyar ƙasarmu ba. Rijiya ɗaya gare mu, mai zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwan sai wani ɗan ƙyalli kamar idon kaza. Duk shekara in rani ya tsaya, rairayi ya cike gindinta, sai a yi yasa. Kowane gida ya ba da namiji guda, a ɗaura masa igiya a zura shi, ya yi ta cika kwando ana janyewa, in numfashi ya fara yi masa wuya a fito da shi a zura wani. Gidan da ya ba da mutum yana da rabonsa na shayar da dabbobi da safe. Wanda bai bayar ba sai ya jira kowa ya gama, ya ja abin da ya saura, wato laka da ɗan ruwa a kanta.

Babana ya rasu da kaka, bai bar ɗa namiji ba. Ya bar Inna, da ƙannena mata biyu, da ni da aurena ya mutu na dawo gida, sai awaki da wata saniya mai taurin kai irin nawa. Ranin farko mun sha laka har muka gode Allah. Awaki suka yi ta ɓari, nonon saniya ya ƙafe. Inna ta fara zancen in haka ta sake faruwa mu kwashe mu koma Kornaka wurin kawuna. Na san abin da hakan ke nufi: gonar babana ta zama ta wani, mu kuma a rarraba mu gida-gida muna daka wa mutane.

Da lokacin yasa ya sake zagayowa, na ɗauko walkin babana na ɗaura a ƙarƙashin zane, na tafi bakin rijiya na tsaya cikin maza. Maigari, wanda abokin babana ne, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗiyata, mi ya kawo ki? Yau ba a jan ruwa."

"Baba, gidanmu ya kawo mutum."

Ya waiga bayana yana neman mutumin. Da ya gane, sai ya yi dariya har da tari. Wasu ba su yi dariya ba. Wani dattijo ya ce in mace ta taka gindin rijiya ƙafewa take yi, kowa ya san wannan. Na tambaye shi wace rijiya ce ta ƙafe, kuma wace mace ce ta shiga, in je in gaishe ta. Ya ce ba ni da kunya, wannan kuwa ban musa masa ba. Aka kira liman. Bawan Allahn nan mai sanyin hali ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi dai bai karanta hani ba, amma bai karanta umarni ba. Maigari ya ce to, in ta ƙafe a kanmu ne, mu bar gari. Na ce na yarda.

Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa cikin rijiya da daɗi. Ana zura ni zafin rana ya rabu da bayana, hayaniyar maza ta yi nisa, sai ƙanshin ƙasa mai laima. Na wuce itatuwan kirya da kakanninmu suka tokare bango da su, na sauka cikin ruwa mai sanyi iya cinya. Da na ɗaga kai, duk sararin Allah bai fi faifai ba. Tun da aka haife ni ban taɓa samun wurin da ba mai aikena ba sai ranar. Na yi ta cika kwando da ƙoƙo ina ƴar waƙar daka, har sai da suka girgiza igiya suna tambaya ko lafiya. Aikin da wuya, amma bai kai surfen hatsin biki ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu nauyi. Kullum da safe sai ka ga mutane suna leƙa rijiya, suna satar kallon gidanmu. Inna ta daina cin abinci sosai. Ita kuwa rijiya ba ta ƙafe ba, ba ta kuma ƙaru ba, ba ta ma san an yi ba. Muka samu rabonmu na safe. Na tsaya a bakin kwamin shayar da dabbobi ina kallon saniyar nan tana shan ruwa garau, daɗi ya cika ni har na yi kuka a gaban jama'a. Ba mu je Kornaka ba. A gonar babana na aurar da ƙannena, a nan na sake aure, na haifi nawa, kuma na ci gaba da shiga yasa har ƙugu ya hana ni. Na ji daɗin zamana a garin nan, ba ni da ƙorafi a kansa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Maza suka ɗauki yabona, wai ni namiji ce, Allah ne ya yi kuskuren zane. Da fari har ina jin daɗi. Sai bayan na tsufa, wata maƙwabciyata mai ƙananan ƴaƴa mijinta ya bi ayari zuwa Abzin bai dawo ba. Ta sha laka rani guda, ta zo ta ce in raka ta wurin sabon maigari, ɗan wancan na farko. Ya tarbe ni da girmamawa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya saurare mu har ƙarshe.

"Inna, ke ai daban ce," in ji shi. "Amma mace ba ta shiga rijiya. In ta shiga ƙahewa takan yi."

Na ce, "To ni da kuka sha ruwan da na yasa tun kuna goye, mi ce ni?"

Ya yi murmushi, ya ce ai kowa ya san ni namiji ce.

Ranar yasa na dogara sandata, na kama hannun matar nan muka ratsa tsakiyar maza. Na zauna a bakin rijiya na zura ƙafafuna ciki, na ce ko su ɗaura mata igiya, ko su ɗaura wa wannan namijin nasu mai jikoki, wanda ko tsayuwa ba ya iya yi. Suka yi ta kallon juna. Can sai maigari ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya miƙa mata, yana cewa a hankali, don kada na baya su ji: "Ke ma daban ce."