Dafinka, Wadda Ta Karɓi Sandata

Shekara talatin da takwas ke nan, kafin mu fito da tumaki, Dafinka Kolarova ta riga ta buɗe ɗakin duba dabbobi na ƙauyenmu, ta tafasa kayan aiki, ta sha kofi a tsaye. Likita muke ce mata. Amsarta ɗaya ce kullum: "Ni mataimakiya ce, likita yana birnin Sliven." Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Kowa da abin da ya gani. Radoy mai injin niƙa ya ga ta ciro ɗan maraƙin da ya zo a juye, hannunta cikin saniya har kafaɗa. Ni nawa a kan Karaman ne, karen da ke tsare mini garke.

Bara, lokacin nunar praskova, wani ɗan itace mai ƙwallo ɗaya mai tsini a ciki, matata Tsvetana tana yanka 'ya'yan tana cika kwalaben ajiyar hunturu. Ƙwallayen kuwa, kamar kowane gida, shanya su muke yi don hura murhu idan sanyi ya zo. Tana waiwayawa ta ga Karaman ya tsoma baki a kwano, ya haɗiye ɗaya. Ta buga wa Dafinka waya. Kafin ta iso, surukata Inna Nedelya ta dama ruwan gishiri za ta ɗura masa.

"Inna, ajiye gishirin nan," in ji Dafinka tun daga ƙofa.

"Haka muke yi tun ba a haife ki ba."

"Shi ya sa karnukanku ba sa tsufa." Ta ɗauki ƙwallo ɗaya, ta danna tsininsa a tafin hannun tsohuwar. "Kin ji? In kin tilasta masa amai, wannan ne zai biyo maƙogwaronsa."

Ta tambaya ko ya tauna, don ƙwayar da ke ciki tana da guba. Bai tauna ba. Ɗaya ne ko biyu, kuma tun yaushe? Ta latsa cikinsa, ta kira likita, suka yi shawarar a sa ido, tunda kare ne babba.

Ta juyo gare ni. "Ɗaure shi inda za ka gan shi, ka riƙa tona kashinsa da tsinke. In ya yi amai, ko ya ƙi abinci, ko cikin ya yi tauri, ka kira ni. Kuma ka buɗe baki, Nedyalko, kada ka tsaya kallona kamar tumakinka."

Ranar ta wuce, ƙwallo bai fito ba. Washegari da hantsi Karaman ya sha ruwa ya dawo da shi. Ya kifa ƙirji a ƙasa, ya kasa kwanciya. Na kira Dafinka. Tana taɓa cikin ya yi ƙara.

"Hanji ya toshe. Wannan ya fi ƙarfina, sai an yi masa aiki. Yanzu, ba an jima ba."

Karaman ba ya yarda kowa ya ɗaga shi sai ni. Amma tumakina ɗari da arba'in suna kan tudu a bakin daji, ba kare, ga shi a makon kyarkeci ya kashe wa maƙwabcina biyu. Na kasa tafiya, na kasa zama.

"Ba ni sandar," ta ce. "Maigidana zai kai ku a mota."

"Likita, gwiwarki fa?"

"Gwiwata ce ta toshe? Tafi, mutumin nan!"

A Sliven aka yi masa aiki, likita ya ce da mun kai yamma, da hanjin ya lalace. Da la'asar na hau tudun da gudu. Na tarar da ita a tsaye tsakanin garke da daji, ta cinna wa busasshiyar ciyawa wuta hayaƙi na tashi, muryarta ta dushe saboda ihu.

"Yana da rai?"

Na ɗaga mata 'yar kwalbar da aka sa ƙwallon. Sai a lokacin ta zauna a ƙasa. Tumakin sun cika cif.

Dafinka, ke ce kika san iyakar hannunki, ba ki ji kunyar faɗa ba. Ke ce kika yi aikin da ba naki ba don in yi nawa. Ranar ban yi miki godiya ba. Na gode.

Ga wanda zai karɓi makullin ɗakin nan: ya koyi cewa "ya fi ƙarfina" tun da sauran lokaci, kuma kada ya raina sandar makiyayi. Mu kuma mu rufe kwanukanmu, mu ɗauki waya kafin mu ɗauki gishiri.

Karaman ya koma kan tudu. Ƙwallon yana nan a tagarmu. Shi kaɗai ne bai shiga murhu ba.