Ƙullin taru a kan bandejin ƙafata

Jama'a, shekara talatin da 'yan kai ina ɗingishi a gabanku, duk wanda ya tambaya sai in ce tsohon ciwo ne. Yau zan faɗa. 'Yata mai karatun aikin jinya ce ta zo da wata takarda da aka ba su, wai ana auna yadda ɗalibi yake gane abin da ya kamata a yi wa majinyaci. Na yi dariya, na ce ai a kan ƙafata aka taɓa yin wannan awon.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ina ƙaramin malamin makaranta, na je gida Gulma taya yankan shinkafa, ƙayar kifi ta soke ni a tafin ƙafa. Na zare, na ci gaba da aikina. Ɗan masunci ne ni, ina ruwana da ƙaya?

Kwana biyar ƙafa ta zama tulu, zazzaɓi ya kwantar da ni. A Argungu aka tsaga, aka ce mu wuce Birnin Kebbi. Buhun shinkafa biyu aka sayar kafin a ba ni gado.

Gwajin jini, hoton ƙashi, allura safe da yamma, wankin ciwo kullum da hantsi. Wankin nan ko maƙiyina ban so masa ba.

Sati biyu babu sauƙi. Likita ya ce, "Malam, in kwana huɗu suka wuce a haka, za mu yanke daga ƙasan gwiwa."

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Abin da likita bai sani ba, kullum da azahar Inna, mahaifiyata, tana zuwa da garin magani ƙulle a bakin zane. In kwance bandeji, in barbaɗa, in mayar. Da asuba in goge da ruwan buta, in sake ɗaurewa. Ba na iya ce wa Inna a'a, kuma gaskiya ni ma rabin zuciyata tana wajen garin.

Ɗaliban jinya ne suke wanke mana ciwo, wata Sista mai zafi tana bin su da takarda tana ba su maki. Tambayoyinta biyu ne kullum: me ka gani, me ka yi da abin da ka gani.

Ranar sai layi ya zo kan wata ɗaliba, Hauwa'u. Ta kai hannu za ta kwance, sai ta tsaya. Ta rage murya.

"Malam, mu ba mu wanga ƙulli. Wanga ƙullin taru na. Babana masunci na."

Ashe hannu ba ya mantuwa. Sati biyu ina ɗaure ƙafata kamar mai gyaran tarun kamun kifi, ban lura ba.

Na ce ta rufa min asiri, don Allah, kada a ci mutuncin tsohuwa. Sai ta ce:

"Ba ni hwaɗi bayan idonka, kuma ba ni ɓoyewa a yanke maka ƙahwa. Ga Sista nan tahe. Ka hwaɗi da bakinka, ina nan tsaye."

Na ji haushinta, wallahi. Amma na faɗa.

Sista ta zazzage min kwandon faɗa, na kuma cancanta. Sannan ta juya wajen Hauwa'u.

"Mi kig gani?"

"Ƙulli."

"Mi kiy yi?"

"Na bari shi hwaɗi da kainai. Kuma ina roƙon a bar ni da tsohuwar."

Sista ta dube ta, ta rubuta wani abu. Ban ga makin ba har yau.

Da azahar Hauwa'u ta durƙusa gaban Inna ta gaishe ta. Ta ce, "Inna, garin ga da maganinmu ba su jituwa. Ki bar muna ƙahwa, ke ki riƙe cikinai. Romon kihi muka so kullum." Inna ta tafi tana murna an ba ta aiki.

Aka sake kankare ciwon, aka canza allura. Kwana na huɗu likita ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Mu ƙara ba ta sati." Yatsu biyu suka tafi. Ƙafa ta tsaya. Wata biyu na koma aji da sanda, daga baya na jefar da ita.

Shawarata: kome ƙanƙantar sukar ƙaya, a wanke a kai asibiti. In kana haɗawa da na gida, faɗa wa mai duba ka, faɗan minti biyar bai kai ƙafa ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likita da Sista. Hauwa'u, ban san inda kike ba, Allah Ya saka miki, Ya rufa miki asiri yadda kika rufa wa tsohuwata.

Inna ta rasu tana gaya wa mutanen Gulma romonta ne ya ceci ƙafar ɗanta. Ban taɓa musa mata ba.