Kwanon Baba a Kife

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Garba mai kuza. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji uku na tsaya, lodin mota nake yi a tashar Jabi. Wanda maganata ta yi wa tsauri ya yi haƙuri.

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramukan kuza na Jos kafin ya dawo Orozo ya kama fartanya. Abin da ya fito da shi tari ne, sai kwanon sarki guda da ya yi ta ɗaukar ƙasa da shi har ya yi sanƙo. Dokarsa ɗaya a gida: ba a kife kwanon nan. A wurin masu haƙar kuza, sai rami ya rufta da mutum ake kife kwanonsa a bakin ramin, matarsa ta hango daga nesa, ba sai an faɗa mata ba.

Da sojoji suka koma bariki, kuɗi ya shigo gari, ɗan yayana mai aiki a ma'aikata ya karɓi kwanon, wai za a sa a ɗakin kayan tarihi. Bara na je gani. Ga sanyin na'ura, ga hotunan jiragen ruwa, ga zane-zanen da ban gane kansu ba. A ƙurya na iske kwanon Baba cikin gilashi, a kife, don a ga lotsawar gindinsa.

Na ce wa matar da ke zagayawa da baƙi, "Hajiya, a taimaka a juya shi."

Ta ce, "Wallahi Baba, makulli yana hannun oga, oga kuma ya yi tafiya."

Na koma, na sake komawa. Oga bai dawo ba.

Za ku ce camfi ne. Ni ma sallah nake yi, na san kwano ba ya kashe mutum. Amma babban ɗana Habu yana bayan Karshi, cikin rami, yana haƙar duwatsun da ake yayi yanzu. Na hana, ya ce noma ba ya sayen babur. Ramukan nan kuwa da damina suka fi ruftawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk sanda wayata ta yi ƙara ina tsakiyar lodi, kwanon nan nake gani.

Da Baba zai leƙo yau, ba zai damu da gilashinsu ba. Cewa zai yi, "Wa ya mutu?" In na ce babu kowa, zai ce, "To jikana fa, ina yake?"

Gonar Orozo ta zama filoti, tarin ya bi Baba kabari. Abin da ya rage na Baba kwano ne da tsoro. Kwanon yana wurinsu, tsoron yana gidana. Allah ya jiƙansa. Oga, in kana karanta jarida, ka zo da makullin, damina ta kusa.