Goshin Malam a Ƙasa

An cire wa maigidana ƙoda ɗaya a Kano, a shekarun da aka fara shari'a a jiharmu. Ciwon daji ne. Ya warke sarai, muka yanka rago, ya koma cinikin shanunsa a kasuwar Mai'adua. Daga ranar ya hana a ƙara ambaton ƙodar a gidanmu na Daura. A wurinsa, tado ciwon da Allah ya yaye butulci ne. Malam ke nan, in ya kafe ko jaki ya san da zamansa.

Bayan shekaru bayansa ya fara ciwo, ƙafar hagu tana mutuwa. Bai damu da kasuwa ba. Abin da ya ci masa rai shi ne sujada ta gagare shi, sai sallah a kan kujera.

Muka koma Kano, wani asibitin daban. Likita ya duba hoton bayan ya ce ɗan ƙari ne a jikin jijiyar laka, irin marar illa, cirewa kawai za a yi. Ya tambaya ko Malam ya taɓa wata babbar jinya.

"Lafiya lau, sai godiya," in ji Malam.

Ina daga waje, ban ji ba. Da na ji, wallahi da na tona.

Sai da aka cire ƙarin aka auna, aka ga ashe dajin ƙodar nan ne ya biyo jini ya sauka a jijiya. Likita ya ce a hoto shi da marar illar iri ɗaya suke fitowa, kuma wannan ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani. Na yi kuka, na yi masifa. Malam tambaya ɗaya ya yi: "Likita, zan iya sa goshina a ƙasa?"

Ya iya. Muka samu damina biyu masu daɗi, yana zaune a zaure yana sa baki a cinikin da ba nasa ba, ni kuma ina dama masa fura ina mita.

Ranar da ya fara sujada, da la'asar ce, a tsakar gida. Ya daɗe bai ɗago ba, har na je na girgiza kafaɗarsa. Da ya sallame ya harare ni.

"Haba Hajiya, da ƙyar na iso nan. Ki bar ni in daɗe mana."