Hanjin Layya a Jikin Kontrabas

Abdussalam ya sauka Alƙahira a 1972 don karatun Larabci, kuma ya yi karatun, ba laifi. Sai dai wata rana a wajen wani biki ya ga kontrabas, ƙaton goge mai tsayin mutum da ake kaɗawa a tsaye, tun daga nan hankalinsa ya rabu biyu. Kafin shekarun saba'in su ƙare ya zama makaɗinta a ƙungiyar Ustaz Fahmi, wani dattijon Bamisre mai taurin kai, wanda ya rantse ba zai kaɗa waƙoƙin dā ba sai yadda mutanen dā suka kaɗa su. Ba a ɗaura wayar ƙarfe a kayan kiɗansa, sai tsirkiyar hanjin rago mai taushin murya.

Hausawan unguwar Ma'adi ba su so abin ba. Wadda ta fi kowa faɗa ita ce Inna Kulu, mai girki a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci. Ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa, wai an turo yaro neman ilimi ya ɓige da rungumar katako.

A 1984 tsohon da ke murza tsirkiya a kasuwar Ataba ya rufe shago, ba a jima ba kuma babbar tsirkiyar Abdussalam ta tsinke. Ustaz Fahmi bai ɓoye masa ba.

"Ma'alish ya Abdu, ka yi haƙuri. Gara in cire kontrabas daga ƙungiya da in ji ƙarfe a cikinta."

Hankalin Abdussalam ya tashi ƙwarai, don ba shi da wata sana'a da yake so bayan wannan. Ya iya murzar, ya sha zama wurin tsohon yana kallo. Amma tsirkiya mai kauri tana cin hanjin raguna da yawa, kuma sabon yanka, ga shi mahautan gari sun riga sun yi wa masu gidajen abinci alkawarin nasu. Babbar Sallah ce kawai ta rage masa.

Ya cire kunya ya bi gidajen Hausawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san matanmu da soyayyen hanji ranar layya ya san ba ƙaramin abu ya roƙa ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce sai sun ji ta bakin Inna Kulu. Ita kuwa ta saurare shi har ya gama, ta ce ya tashi ya ba ta wuri, aiki gare ta.

Ranar Sallah da la'asar yana zaune jugum a ɗakinsa na unguwar Hadayik, sai ga Inna Kulu da mata uku, kowacce da baho cike da hanji. Ashe ita ta zagaya gidajen da kanta, ta hana kowa ɗora hanji a wuta.

"Ungo, ɗan nan. Ba kiɗanka nake so ba, amma ba a korar namu daga aiki muna kallo."

Ya wanke, ya kankare, ya murza, ya shanya. Ranar da Ustaz Fahmi ya ji muryar sabuwar tsirkiya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Tamam, ta yi daidai."

Da Abdussalam ya je godiya, Inna Kulu ko ɗagowa ba ta yi daga yankan albasa ba.

"Baɗi ka zo karɓar hanjin da wuri," in ji ta, "kafin yara su fara kuka da yunwa."